Shaidar Bakin Famfo

Ban taɓa zaton zan rayu har in ga an sa wa famfo kwaɗo an kulle ba. Akwati na sani ana kullewa, da ɗakin ajiya, da ƙofar gida in za a yi tafiya. Amma ruwa? Ga shi kuwa a ƙofar gidanmu nan Makera, famfo ne a jikin katanga, an yi masa ɗan keji na ƙarfe, makullin yana aljihun ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Lokacin da ya haƙa bohol, shi da kansa ya ce a fitar da kan famfo ɗaya waje saboda maƙwabta, ladan ya kai wa mahaifinsa. Sai da aka yi ta dambe a ƙofar gidan, aka fasa wa wata yarinya baki da jarka, inji ya lalace har aka gaji da gyara, sannan ya kulle. Ya tara mutanen gida ya ce kada wanda ya sake taɓawa.

To, an taɓa. Jikata ce, wadda aka sa wa sunan mahaifiyata muke kiranta Ummi, ta kusa gama sakandare, a ɗakina take kwana. Akwai wata mata mai wankau da ke haya a bayan katangarmu, mutuniyar kudancin jihar nan ce, rijiyar gidansu ta ƙafe tun shigowar bazara. Ta zo da baho a hannu ta tsaya tana kallon famfon. Ba ta ma roƙa ba. "Mama, sannu da gida," ta ce mini, ta ci gaba da tsayuwa. Ina kan tabarmata a zaure inda nake wuni, na ga Ummi ta shiga ɗakin ubanta, ta fito da hannu a cikin hijabi. Ta buɗe wa matar. Masu wucewa suka gani, wannan ta kira waccan, kafin a ce kwabo jarkoki sun kai bakin titi. Tanki ya ƙare. Tsoro ya kama yarinyar, ta je ta kunna inji don ya cika kafin uban ya dawo, alhali wutar ranar ba ta da ƙarfi, ƙwan fitila ma ja yake yi. Daga inda nake na ji ƙaurin waya.

Washegari da safe ɗana ya tsaya a tsakar gida, bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce ya san aikin yaran gida ne, kuma in Ummi ce to ya isa haka. Gwaggonta ta Funtuwa ta daɗe tana cewa a ba ta ita, can za ta je ta ƙarasa karatun, tunda nan uwa da kaka sun ɓata ta. Ya ce ba zai tsare kowa da tambaya ba, kasuwa na jiransa. "In na dawo bayan la'asar zan tambayi Hajiya. Ita tana gani, kuma ba ta ƙarya." Ya sa takalmi ya fita, ya bar ni da wuni guda da abin da na gani.

Na kira 'yar autar gidan, wadda ba ta daɗe da fara zuwa makaranta ba. Na ce mata, me ya sa ba a ɗaukar makullin Abba? Ta ce, "Zai zane ni." Na ce, in ba zai zane ki ba fa? Ta yi tunani sosai, ta ce, "To zan ɗauka." Na kira yayarta na yi mata tambayar. Ita cewa ta yi sai mutane su ce gidanmu ba tarbiyya. Na ce in ba wanda ya ji fa? "Ai Allah ya ji," ta ce da sauri, kamar mai ba da hadda, ta gudu. Sai ga Ummi da kofin kununa.

"Ƙawata, zauna."

"Hajiya, in faɗa ne kunun zai huce."

"Sata kika yi."

"Na mayar da makullin inda na ɗauka."

"Injin fa, kin mayar da shi yadda kika same shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Wannan kam na yi wauta. Amma buɗewar, wallahi ban yi nadama ba. Ruwan nan fa na ƙasa ne, Hajiya. Abba rami kawai ya haƙa."

"Rami da inji da tanki. Ke me kika haƙa?"

"Kin ga hannun matar nan kuwa? Duk sabulu ya cinye. In ba ta wanke kayan mutane ba 'ya'yanta ba za su ci ba."

"Na ga hannunta. Na ga naki ma a aljihun ubanki."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Za ki faɗa?"

"Kin taɓa jin an tambaye ni na ƙi faɗa?"

"To ki fara koyon shafa wa kanki man zafi, tsohuwa," ta ce, ta miƙe. Wasa take yi, amma idonta ya cika.

Na zauna ina juya kunun har ya yi fata a sama. Yaran yanzu ba su san famfo yana tari ba. Su dai su murɗa ya zubo, in bai zubo ba su kira mai kura ya sauke jarka. Mu da muka taso a dogon gidan haya a unguwar nan, ɗakuna suna kallon juna, tarin famfo ne ke tashinmu. Kiran salla yana fara shigowa, jirgin ƙasa ya yi kukansa daga can wajen tasha, sannan famfon bakin layi ya soma wani irin tari kamar tsoho mai ciwon ƙirji, yana tofar da iska, yana tofar da jan ruwa, kafin farin ya biyo. Sai ka ji ƙarar garwa da bokiti, ƙofofin langa-langa suna buɗewa, mata suna gaisawa da muryar barci. Kafin jiniyar masaƙa ta kira iyayenmu maza, dole ruwan wanka ya shiga gida. In Lahadi ce ƙararrawar coci ta shigo cikin hayaniyar, maƙwabtanmu su yi ta sauri. Famfo ɗaya ne ga unguwa duka, kuma ba ya sallama in zai tafi. Rana na ɗagawa sai ya ja numfashi ya ɗauke, ko garwar wa ke ƙarƙashinsa.

Shi ya sa aka yi layi. Tun da yamma kowace mace take kai abin ɗibanta ta ajiye a bayan na wadda ta riga ta. Mai bokiti ta ajiye bokiti, mai garwa ta ajiye garwa, wadda ke tsoron a sace mata ta ajiye fasasshen kwano ko dutse mai alama. Abin ya kwana a nan yana riƙe mata wuri. Ba mai unguwa ne ya kafa wannan ba, ba a rubuta a ko'ina ba, amma za ka iya barin wanki a igiya a ɗauke, ba za a matsar maka da bokiti ba. Bahaushiya da Bajju da Bayarabiya da Banufiya, kowa da yadda take salla ko addu'a, kowa da abin da ba ta ci, amma a kan layin nan addininsu ɗaya.

Ni da farko ba don na san wani abu nake kiyayewa ba. Inna tana da tsumagiya a saman ƙofa, shi ke nan dalilina. Takan ce, "In kika taɓa kayan wani sai na ga jininki, in kika yi ƙarya sai na yanke harshen nan." Na yarda za ta iya. Da na ɗan tasa sai na gane tsaron layi yana da daɗi. Akwai wata tsohuwa, Iya mai koko, ba ta da ɗa ba ta da jika, ita kaɗai a ɗan ɗakinta na ƙarshen gida. In na tsare mata garwa ta kan ɗiga mini koko a murfi ta ɗora ƙosai ɗaya. Daga nan sai yabo ya fi ƙosan daɗi. Allah ya yi ni da ido, ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma in na kalli layi sau ɗaya da yamma, da asuba zan faɗa maka na wa ke bin na wa har ƙarshe. Mata suka sa mini suna 'Yar sanda. In gardama ta tashi sai a ce a kira 'Yar sanda, in zo in tsaya da gammona a hannu, in faɗa, magana ta mutu. Inna takan yi kamar ba ta ji ba, amma na san tana jin daɗi, don ranar nan miyata takan fi nama.

Sai daga baya na san me layin yake tsarewa. Wata rana wasu baƙi da suka tare sabo suka ƙi bi, aka yi kokawa, aka karya kan famfon. Mun daɗe muna tafiya kogi kafin a zo a gyara. A hanyar kogin nan, wuya na ciwo, na gane cewa ba don tsumagiya ba ne, ba don ƙosai ba ne. In kowa ya matsar da bokiti saboda yana da uzuri, to kowa yana da uzuri, mai ƙarfi ne kaɗai zai sha. Na riƙe wannan kamar yadda ake riƙe karatun salla. Na ɗauka na gama sanin daidai da ba daidai ba, ban ko fara ɗaura ɗankwali da kyau ba.

Sai wata bazara da famfo ya yi kwanaki bai yi ko tari ba. Layi ya yi tsawo har ya sha kwana. Maƙwabciyarmu ta ɗaki na kusa, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Maman Ladi muke ce mata, 'yarta ta kwanta da gudawa da amai. Duk tsummokaran ɗakin sun ɓaci, ƙofarta ma ba a iya wucewa. Da yamma tana can asibiti da yarinyar, ba ta kai bokiti layi ba. Da asuba famfo ya yi tari, unguwa ta fashe, ta fito da koren bokitinta ta ajiye can ƙarshe, inda ko mahaukaci ya san ruwa ba zai kai ba, ta koma wajen 'yarta. Namu yana kusa da gaba, na Iya mai koko yana bin namu. Mata suna ta hayaniya a kan jan ruwan farko, a zubar ko a tara. Ina tsaye na ga Inna ta bi ta bayan mutane, ta ɗauko koren bokitin, ta zo ta saka shi tsakanin namu da garwar Iya. Ba ta waiga ba. Ta san ina nan, ta san idona.

Namu ya cika. Koren ya cika, Inna ta aika aka kira mai shi. Iya ta tura garwarta ƙarƙashin famfo, ya zubo kamar na alwala, ya ja numfashi ya ɗauke.

Iya ta daɗe tana kallon cikin garwar. Gero ta jiƙa, ta kai niƙa, ruwan tacewa da na damawa take jira, kuma abin da za ta ci ke nan. Ta ce, "Jiya da na ajiye garwata, bokitin su 'Yar sanda ne a gabana. Wannan koren daga sama ya faɗo?" Maman Ladi ta ce ita a baya ta ajiye, kiranta aka yi aka ce ya cika. Wata ta ce ƙarya ne, wata ta ce a bar ta mana tana da majinyaciya, wata ta ce kowa ma yana da abin da ke damunsa. Sai Iya ta ce, "Ku kira mini 'Yar sanda."

Ba a kira ni ba ma, ina wurin. Aka buɗe mini hanya. Na kalli Inna, tana gyara ɗaurin zaninta, ba ta ce mini komai da ido ba, ko a'a ko i. Na ce, "Inna ce ta ɗauko shi daga baya."

Iya ta juya ta ce wa Inna, "Ke? Ke da muke bar wa makullan ɗakunanmu?" Mata suka yanke a juye ruwan koren a garwar Iya, aka juye. Maman Ladi ta tsaya da bokiti ba komai, tana ta cewa a yi haƙuri, ita ba ta sa kowa ba. Inna ta ɗaga namu ta juye mata duka, ta miƙo mini bokitin, ta ɗauki wani, ta ce mu tafi kogi. Babanmu ya tafi masaƙa ranar ba wanka, yana faɗa.

A hanya ina binta a baya, na kasa haƙuri.

"Inna, ba ke kika ce in na yi ƙarya za ki yanke mini harshe ba?"

"Ni na ce."

"To laifi na yi?"

"Kin ji na ce kin yi laifi?"

"To ke kika yi?"

Ta tsaya ta gyara gammonta. Na ɗauka duka ne zai biyo, har na kare kai. Ta ce, "Ki kula da gangaren nan, akwai santsi." Shi ke nan abin da na samu daga gare ta, ranar da bayanta har ta bar duniya. Ba ta dake ni ba, ba ta yabe ni ba. Yarinyar Maman Ladi ta warke. Amma an daɗe in Inna ta doso layi sai ka ga mace ta ɗora ƙafa a kan bokitinta, kamar wasa, tana ci gaba da hira. Masu tafiya ƙauye suka koma bar wa wata makulli. Inna tana gani, ba ta taɓa cewa komai ba. Ni kuma sunana ya ƙara girma, ana cewa yarinyar nan ko uwarta ba ta bari ba. Ana faɗa a gabana don in ji daɗi, ni kuwa in ji kamar na haɗiye ƙashi.

Abin da ke rikita ni shi ne, shari'ar nan na yanke ta ba sau ɗaya ba, kuma kowace yankewa ina da tabbaci. Ina budurwa na ce Inna ce ba ta kyauta ba, layi layi ne. Da na yi aure na haihu, ɗana na fari ya kwanta da irin ciwon nan, na ga yadda ɗaki ke komawa in ba ruwa, na ce wallahi Inna ce ta san Allah a cikinsu duka, ni ce na tona wa mai alheri asiri saboda ina son a ce 'Yar sanda. Na zauna a kan haka shekaru. Sannan na soma tambayar kaina, in alheri ne, me ya sa ba ta saka koren a gurbin namu ba tun farko? Me ya sa sai a gaban tsohuwar da ba ta da mai zuwa mata kogi? Alheri ta yi, amma da ruwan wani ta yi shi. Yanzu da na kai shekarun Iya, gwiwa ta ƙi, in na tuna sai in ga garwar nan da ɗan ruwa a gindinta, in ji zuciyata tana wajen tsohuwar. To wace ce ni a cikin waɗannan? Da na ɗauka hankali tsani ne, kana hawa kana ganin nesa. Ni dai abin da na gani, duk inda shekaru suka ajiye ni, wanda ke tsaye kusa da ni shi nake ba gaskiya.

Duk da haka a kan layi na yi rayuwata, don shi ne abin da na iya riƙewa. Na yi wa 'ya'yana tarbiyya da tsumagiya irin ta Inna. In ana rabon abinci a gidan biki ni ake ba ludayi, don ba na ƙara wa 'yar'uwa ba na rage wa bare. In mata sun yi faɗa ni ake tambaya wa ya fara. Ba a cika sona ba, na sani, amma ana yarda da ni, kuma na ɗauka wannan ya fi. Masaƙa ta mutu, jiniya ta yi shiru. Gari ya rikice ya lafa, ya sake rikicewa, mutanen da muka sha famfo ɗaya suka kwashe, wasu Romi, wasu Kamazou, wasu Gonin Gora, namu na can kuma suka dawo nan ko suka haye gada. Su Maman Ladi ma Romi na ji sun koma. Kowa ya ja katanga ya haƙa raminsa. Inda famfon yake yanzu shagon cajin waya ne. Yaran yanzu ba su da layin da za su koyi komai a kansa, sai dai abin da aka faɗa musu a makaranta da abin da suke gani a waya, amma ga Ummi, wadda ba ta taɓa ɗora garwa a ka ba, ta tashi da irin hannun Inna sak. Ina ta samo shi? Ni dai ban koya mata ba. Abin da na koya mata shi ne kada ta taɓa kayan wani.

Na yi azahar ina lissafin abin nan, na yi la'asar ban gama ba. In na ce ban gani ba, na yi ƙaryar da ban taɓa yi ba, a gaban yaran da nake zane wa a kan ƙarya. In na ce ba zan faɗa ba, ai na faɗa ke nan, don ya san ba wanda zan rufa wa sai ita. In na faɗa, ɗakina ya zama ni kaɗai. Kuma da na ji zuciyata tana neman hanyar da yarinyar za ta tsira, sai in tambayi kaina, tausayin mai wankau ne, ko son jikata ne, ko dai gwiwata ce ke magana?

Ya dawo, ya ajiye babur a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Yaran suka taru a bakin ƙofa, uwarsu tana daga kicin ta daina daka. Ummi ta tsaya jikin bango.

"Hajiya, ke kike zaune a nan. Wa ya ɗauki makullin?"

"Ummi ce."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya riga ya sani. Zai miƙe na ce ya zauna, ban gama ba, tunda shaida ya nema zai ji ta duka. Na faɗa masa yadda matar ta tsaya ba ta roƙa ba, da yadda hannunta yake. Na faɗa masa yarinyar mutum ɗaya ta buɗe wa, sauran suka zo da kansu, ta rasa bakin korarsu. Na faɗa masa injin wauta ce da tsoronsa, ba ganganci ba. Na faɗa masa kuma da safe ta ce mini buɗewar ba ta yi nadama ba, don kada ya ɗauka na zaɓi masu daɗi ne kawai. Na ji Ummi ta ja numfashi.

"Kuma ina zaune a nan ta wuce ni da makullin," na ce. "Na san abin da ke cikin hijabin. Kalma ɗaya zan yi ta mayar. Ban yi ba."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. "Ke Hajiya? Me ya sa?"

"Bakina ne bai buɗe ba."

Ya murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "To ni yanzu ki raba ni da wannan. Injin na san asara ce, za a gyara. Buɗewar nake tambaya. Laifi ta yi ko ba ta yi ba? Abin da kika ce shi za a yi."

Da ya tambaye ni wa ya zo da jarka, wa ya riga wa, da na jera masa su har bakin titi. Na duba cikina ina neman amsar, na tarar da mai wankau da bahonta, na tarar da shi da guminsa da dokarsa da ba ta zalunci ba ce, na tarar da yarinyar da aka fasa wa baki a ƙofar nan.

Na ce, "Ban sani ba."

Furfura ta fara fito masa a gemu, bai taɓa jin wannan kalmar daga bakina ba. 'Yar autar ma sai da ta leƙo ta ga ko ni ce. Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya sa hularsa ya miƙe.

"To ba zan kori yarinya a kan abin da Hajiya ba ta sani ba. Ta zauna. Ranar da kika sani sai ki gaya mini." Ya juya wajen Ummi. "Ke kuma kafin a gyara inji, ruwan gidan nan a kanki yake, ba mai kura ba. Ki je ki ji yadda ake samunsa."

An gyara injin tuni, famfon waje yana kulle yadda yake. Ummi ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa, saboda maganar nadamar nan da na faɗa. Yanzu ta saki jiki da ni. Wani lokaci in ta kawo kunu sai ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Tsohuwa, kin sani?" In ce mata tukuna. Ta ce, "Yawwa, ki bi a hankali, ba sauri ake ba."

Ita wasa take yi. Ni kuwa ɗana amana ya bar mini, kuma in na sani dole in faɗa masa, ko wane gefe ya faɗo. Kullum bayan azahar nakan ɗauko maganar in juya ta, Allah ya sani ina juyawa. Sai dai na lura, duk ranar da na ji kamar na kusa kamo bakin zaren, sai in tuna akwai wake da ban tsince ba.